Karkatacciyar Motar Mista Kalbin

Daga Kpakungu zuwa Ikko

Tun kafin kiran assalatu na bar gidana a Dutsen Kura cikin Minna, na bi ta unguwar Kpakungu don in ɗauko abokin tafiyata, Oga Ndagi makanike. Na tarar da shi zaune a kan akwatinsa a ƙofar gareji, ya sha babbar riga ya kafa hula kamar wanda za a naɗa sarauta. Shi Banufe ne, ni kuwa Bakatsine, jikan waɗanda aikin reluwe ya kawo Minna, saboda haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Na tambaye shi ko ya taho da filafilin kwale-kwalensa, ko da jirgin sama zai buƙaci taimako a kan teku. Ya ce in dai ɓoye fasfo ɗina da kyau, kada a gane Bakatsine ne a koro mu duka.

Ga dalilin tafiyar. Lokacin da Minna ta zama hedikwatar sabuwar jiha, wani kamfanin gina hanya ya zo da wani Ba'amurke, Mista Kalbin, ya sa shi shugaban garejinsa. Ni ne akawun sito, Ndagi kuwa na hannun damansa. Shi ya koya wa Ndagi saitin ƙafar mota, har ya zama duk garin babu kamarsa. Bayan 'yan shekaru Kalbin ya koma ƙasarsu. Sai a farkon shekarun tamanin ya aiko mana cewa an sayar da filin tseren motoci na ƙauyensu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana zagayawa, za a gina kantuna a wurin. Kafin a rushe shi za a yi tsere na ban kwana, tsofaffin direbobi da tsofaffin motocinsu. Ya ce wannan ne tserensa na ƙarshe, likita ma da kyar ya yarda, kuma yana so Ndagi ya tsaya a gefen motarsa kamar yadda yake tsayawa a Minna. Ya aiko da tikiti biyu, domin Turancin Ndagi bai wuce na gareji ba, ni ne tafinta.

Muka shiga ƙaramar motar haya mai cin mutum bakwai, gari bai waye ba sai da muka yi nisa a hanyar Bida. A Bida dangin Ndagi suka tare mu da kunu da ƙosai, suka ba shi farantin tagulla ya kai wa ogansa Kalbin tsaraba. Ni kuwa kilishi na ɗauko, na naɗe shi a takarda na tura ƙasan akwati. Da direba ya ji tseren mota za mu kallo sai ya ƙara taka totur, wai ya nuna mana ba sai mun je Amurka ba. Ndagi bai yaba masa ba. Tun daga Mokwa yake ce masa ƙafar gaba ta hagu tana cin taya, bai daina ba har muka haye gadar Jebba, direba ya gaji ya ce, "Baba, motar nan tawa ce ko taka?" Haka Allah ya yi Ndagi, ba ya iya ganin mota a karkace ya yi shiru.

Shingen 'yan sanda kuwa mun daina lissafawa tun kafin Ilori, inda muka yi azahar muka ci amala. Muka wuce Ibadan da la'asar sakaliya, muka sauka Agege wurin wani ɗan Minna mai sayar da goro. Shi ya raka mu filin jirgi washegari.

New York da hanyar kudu

Ba zan ɓata lokaci a kan jirgi ba. Abin da zan ce kawai, Banufen da ba ya tsoron kogin Kwara ya riƙe hannun kujera har ya yi gumi.

A New York jami'ar kwastan ta buɗe akwatina, ta ɗago kilishi ta sansana, ta tambaye ni mene ne. Na yi mata bayani cikin Turancin da nake ji da shi. Ta ce ba a shiga da nama, ta jefa shi cikin wani kwando a gabana. Farantin Ndagi kuwa ta juya shi ta ce yana da kyau. Ya yi ta yi mini dariya har muka fita, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, domin kilishin nan na musamman ne na sa aka yi.

Daga nan muka shiga doguwar bas mai zuwa kudu. Muka ratsa Washington, muka canza wata a Richmond, muka nausa jihar North Carolina. A duk tashar da aka tsaya, biredi da ƙwai muke saye, don gudun naman da ba mu sani ba. Sannu a hankali dogayen gine-gine suka ƙare, muka shiga gonakin taba da masara, ƙasa ta koma ja kamar ta hanyar Paiko. Ndagi ya leƙa taga ya ce ashe su ma suna da ƙauye.

A wata 'yar tasha muka hango Mista Kalbin a tsaye jikin a-kori-kurarsa. Mutumin da muka sani yana ɗaga injin da ƙarfin damtse ya rame, kansa ya yi fari fat, hannunsa na hagu yana ɗan rawa. Da 'yar Hausar da ta rage masa ya ce, "Ndagi, sannu da zuwa. Ina gajiya?" Ndagi ya cire hula zai durƙusa, Kalbin ya kama shi ya rungume. Na kawar da kai, domin idona ya kawo ruwa.

Juma'a a ƙauyen Kalbin

Matarsa, Madam Doris, ta karɓe mu hannu bibbiyu. Ta nuna mana sabuwar tukunya da sabon kasko da ta saya saboda mu, don mijinta ya gaya mata abin da ba ma ci. Da safe ta ba mu wani kunun masara mai kauri da man shanu, wanda in ka rufe ido sai ka ce tuwon da bai gama dahuwa ba ne. Mun cinye, mun ƙara.

Da hantsi Kalbin ya ɗauke mu ya hau da mu wata siririyar hanya mai kwana-kwana a cikin duwatsu, ya ce daga nan abin ya samo asali. A zamanin mahaifinsa talauci ya yi wa mutanen dutsen nan katutu, masara ba ta da daraja, sai suka koma dafa barasa da ita a ɓoye cikin daji, suna kai wa birane ba tare da sanin hukuma ba. Mai ɗauko kayan dole motarsa ta yi kama da ta kowa daga waje, kada a zarge shi, amma a ciki an ƙara wa injin ƙarfi, an sa sifirin mai tauri don kada nauyi ya nuna, an cire kujerar baya. In 'yan sanda suka biyo shi sai dai su sha ƙura. Da na fassara, Ndagi ya yi salati, ya ce ashe sana'ar da giya ta fara. Can kuma ya murmusa ya ce ai ya gane su, 'yan uwana Katsinawa ne, 'yan fasa-ƙwaurin Jibiya, launin fata ne kawai ya bambanta.

To, samari masu irin waɗannan motoci, in suka haɗu ranar Lahadi me za su yi in ba gardama ba? Kowa ya ce tasa ta fi gudu. Sai wani manomi ya sa garma ya share musu da'ira a makiyayar shanunsa, ya ce ga fili. Mutane suka fara taruwa kallo, aka kafa shinge, aka sa mai karɓar kuɗin ƙofa. Bayan yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka dawo gida da sanin injin, kusan kowace gunduma sai da ta samu nata filin. Kalbin ya ce da motar da kake kai matarka coci da ita kake shiga tsere. Ka cire fitilu, ka ɗaure ƙofa da bel ɗin wando kada ta buɗe, ka ɗaure kanka da igiya a kujera, ka shafa lamba da fenti a ƙofa. In ka yi sa'a ka koma gida a cikinta, in ba ka yi ba ka taka da ƙafa kana tunanin abin da za ka gaya wa matar gida. Wani lokaci kuma ka ci tsere ka je karɓar lada, ka tarar mai shirya gasar ya bi ta bayan fili da kuɗin.

Daga nan ya gangara da mu filin. Na zaci zan ga wani katafaren wuri. Ashe ɗan ƙarami ne, in ka tsaya a wannan kwana ka kira mutum a waccan zai amsa. Jar laka ce, da shingen katako da ya sha faci, da rumfar 'yan kallo da ta fara ruɓewa. Kalbin ya duƙa ya ɗebi ƙasar ya murza a tafinsa. Ya ce manyan filaye na kwalta da talabijin sun kwashe jama'a, yanzu yara ba su san direba da fuska ba, alhali a da wanda ya ture ka a kwana ranar Asabar shi ne zai sayar maka da taki ranar Litinin. Ya ce bai damu ya ci tseren gobe ba, yana so dai a kaɗa tuta yana cikin layi tare da abokansa, sau ɗaya tak.

Da la'asar ya buɗe rumbunsa ya yaye tamfol. Ga ta nan, baƙa, mai ƙofa biyu, ƙirar kafin yaƙi, kujera ɗaya ce tak a ciki. Ya tayar da ita, kwanon rumbun ya ɗauki rawa. Ndagi ya zagaya ta a hankali, ya tsuguna, ya tashi, ya ja baya ya kanne ido ɗaya. Kalbin ya tambaye shi yaya ya gani, ya ce, "Fayin, Oga." Amma da muka keɓe sai ya jawo ni ya rage murya.

"Bakatsine, tsufa ya kama Oga. Motan nan ya karkace. Tayan dama ya fi na hagu girma, kafan gaba ya kwanta, ga wani dalma an daure gefe daya."

Na ce to ya gaya masa mana. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce mutumin da ya koya maka sana'a ba ka buɗe baki ka ce masa ya yi kuskure, balle a gidansa, gaban matarsa. Gyarawa ake yi a yi shiru. Ni da ban san komai a mota ba sai sunayen kayanta a sito, na ce gaskiya ne, haka tarbiyya ta ce.

Asabar

Da muka idar da asuba na koma na ɗan kishingiɗa. Ndagi kuwa rumbu ya nufa. Sai da rana ta fito ya dawo yana goge hannu, fuskarsa cike da annuri. Ya ce ya tono tayoyi huɗu masu girma ɗaya a cikin tarin da ke rumbun, ya daidaita iska, ya ja zare ya miƙar da ƙafar gaba, ya kwance dalmar ya mayar da ita tsakiya. Ya mayar da tamfol yadda yake. Ya ce in Oga ya ji yadda sitiyari ya yi laushi zai gane da kansa, ba sai an faɗa ba.

Wani maƙwabci ya zo ya ɗora motar a tirela tun Kalbin yana aski. Da muka isa filin, ya cika. Tsofaffi da sanduna, jikoki a kafaɗa, ana soya kaji, motar ruwa tana zagayawa tana jiƙa laka. Abokan Kalbin suka yanyame shi, wannan ya ja wannan ya runguma, yana ta nuna musu Ndagi yana cewa ga makanikensa daga Afirka. Bai samu damar duban motarsa ba har aka kira su zagayen gwaji, ya sa hular kwano ya shiga ta taga.

Ya miƙe da gudu, muna tsaye a bakin shinge, Ndagi yana murmushi. Da ya iso kwanar farko sauran motoci suka kwanta hagu kamar an ja su da igiya. Tasa ta ƙi. Na ga yana kokawa da sitiyari, ita kuwa ta miƙe sak ta daki shingen katako da kafaɗar dama, ta goga shi, ta tsaya tana fitar da tururi.

Allah ya kiyaye, bai ji rauni ba sai ɗan ƙujewa a hannu. Aka jawo motar gefe. Lagireto ya fashe, ƙarfen da ke juya ƙafar dama ya lanƙwashe. Wani tsoho ya leƙa ciki ya tambayi wanda ya matsar da dalma, wani ya dafa taya ya ce wa ya sa waɗannan. Nan na ji abin da da mun tambaya jiya da an gaya mana cikin minti ɗaya. A irin wannan fili hagu kawai ake juyawa, daga farko har ƙarshe, saboda haka da gangan ake gina motar a karkace. Tayar dama ta fi girma, nauyi yana hagu, ƙafa a kwance, don motar ta riƙa neman kwana da kanta. Kalbin ya shafe watanni yana saita ta haka saboda raunin hannunsa.

Na fassara wa Ndagi. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya cire hula, ya durƙusa a cikin jar lakar nan da fararen kayansa, gaban jama'a, ya ce, "Oga, ni ne." Kalbin ya dube shi. Ya juya ya ce a kawo jak.

Tsofaffin nan sun yi ƙoƙari. Wani ya ciro lagireto daga a-kori-kurarsa, wani ya kawo wutar walda, Ndagi ya shige ƙarƙashin mota yana aiki kamar zai ba da ransa. Na je na roƙi mai shirya gasar ya ɗan jinkirta, ya jinkirta gwargwadon iyawarsa, amma rana tana yin ƙasa, filin kuma an riga an kwance fitilunsa an sayar. Muna ji aka kira layi. Muna ji aka kaɗa tuta. Kalbin ya ajiye sifana ya je ya dafa shinge, ya kalli abokansa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, laka tana fantsar masa a riga bai matsa ba. Madam Doris ta tsaya a bayansa. Ndagi bai fito daga ƙarƙashin motar ba, ina jin kukansa a hankali tare da ƙarar guduma.

Sai da jama'a suka watse, aka fara naɗe rumfuna, motar ta tashi. Ndagi ya fito ya tsaya kansa a ƙasa. Kalbin ya zo ya ce in fassara masa kalma bayan kalma, kada in sassauta.

"Ka hana ni tserena, kuma ya yi mini zafi. Ba zan ce maka ba komai ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma tun da mahaifina ya mutu, babu wanda ya sake tashi da asuba ya taɓa motata don kawai yana so in ji daɗi."

Sai ya ce tun da yanzu motar a miƙe take, ba ruwanta da hagu ko dama. Ya ɗauko wani akwatin katako ya ajiye inda ya kamata kujera ta biyu ta kasance, ya sa Ndagi ya shiga ta taga da babbar rigarsa. Ya juya hancin motar ta inda ba a taɓa bi ba. Suka zagaya filin ta dama, a hankali, su kaɗai, tsofaffin da suka rage suna dariya suna ɗaga musu huluna. Madam Doris ta ce mini ko mai motar ruwa bai taɓa bin wannan hannun ba. Sun yi ta zagayawa har rana ta faɗi, kuma tasu ce mota ta ƙarshe da ta taka wannan ƙasa.

Komawa gida

Mun ƙara kwana uku. Ndagi ya gyara duk abin da ke da injin a gidan, amma kafin ya taɓa ko injin yankan ciyawa sai ya aiko ni in tambaya. Kalbin ya mayar da mu tasha da kansa. Muka bi hanyar da muka zo, bas zuwa New York, jirgi zuwa Ikko, daga nan muka zaɓi jirgin ƙasa don mu huta. Tun daga Amurka har Zungeru ban tsokane shi ko sau ɗaya ba, shi ma bai kira ni Bakatsine ba, sai Malam. Wannan ya fi komai damuna.

Muka sauka tashar Minna da hantsi, iyalanmu suna jira. Kwana biyu bayan nan na leƙa garejinsa a Kpakungu, na tarar wani direban Bosso ya kawo mota tana ja gefe ɗaya. Ndagi ya zagaya ta, ya tsuguna, ya tashi, sannan ya tambayi mai ita ko da gangan aka yi ta haka. Direban ya dube ni, ya ce ko Baba bai warware daga gajiyar jirgi ba ne. Na fashe da dariya har na riƙe ciki. Ndagi ya ɗauki sifana ya nuna ni da ita ya ce, "Bakatsine, fita mini daga gareji." A ranar na san mun dawo gida.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa mai masaukinmu na Agege, da Madam Doris da sabuwar tukunyarta, da tsofaffin nan da ban riƙe sunan ko ɗaya ba. Mista Kalbin bai daɗe a duniya ba bayan zuwanmu. Ndagi kuwa ya sa ni alkawarin ba zan ba da wannan labari ba sai bayan ransa. Na riƙe alkawarin shekara da shekaru yana yi mini ƙaiƙayi a baki, yau kuma da na samu izinin faɗa, da ma ban samu ba. Allah ya jiƙan Banufe.